Milimita Huɗu Daga Gefen Baƙin Ido

A jikin ƙwayar idon ɗan Adam akwai wani siririn fili wanda faɗinsa bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. Ya zagaye ido ta ƙarƙashin farin, ba a ganinsa daga waje, kuma ta nan ne kaɗai allura za ta ratsa ta shiga tsakiyar ido ba tare da ta yi ɓarna ba. Wanda ya matsa gaba kaɗan zai soki madubin da ke cikin ido, yana ta fito wa mutum. Wanda ya ja baya kaɗan zai huda tantanin gani, wato ainihin abin da ake ƙoƙarin ceto. Likitocin ido suna kiran wurin pars plana. Ta wannan ƙofa ake yi wa mutane allura sau miliyoyi a kowace shekara a faɗin duniya, kowace allura kuma ba ta cin fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai kafin tsinin ya taɓa ido an riga an yi aiki mai yawa, kuma a nan ne gwanin ke bambanta da mai kwaikwayo.

Tantanin gani, wanda ake kira ratina, shimfiɗe yake a bangon ido ta ciki, can baya. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba. A tsakiyarsa akwai wuri mai faɗin milimita biyar da ɗoriya da ake kira makula. Da makula ake karatu, da ita ake gane fuskar wanda ya yi sallama, da ita ake zura zare a allura da bambance takardun kuɗi. Sauran tantanin duk aikinsa ganin gefe ne. Ƙwayoyin da ke karɓar haske a makula suna da cin iskar oksijin ƙwarai, amma cibiyar makular ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, don kada wani abu ya tare wa haske hanya. Abincinta daga ƙasa yake zuwa, daga wani shimfiɗi mai cike da jijiyoyin jini da ake kira koroyid. Tsakaninsu akwai shinge: layi guda na ƙwayoyi masu launin duhu, da wani tantani mai sirantaka da aka raɗa wa sunan Bajamushen da ya bayyana shi a ƙarni na 19, Karl Bruch.

Idan shekaru suka ja, musamman ga mai shan taba ko wanda ya gaji abin, datti yakan taru a kan wannan shinge, ya yi kauri, ya fara tsagewa. Ƙwayoyin da ke sama sai su takura, su riƙa fitar da wani sinadari mai kiran jijiyoyin jini su tsiro, wanda likitoci suka taƙaice sunansa zuwa VEGF. Jijiyoyin koroyid kuwa su amsa kira. Su ɓullo ta tsagar kamar yadda saiwar bishiya ke fasa daɓen ɗaki, su bazu a ƙarƙashin makula. Da ma a ce nagartattu ne, da da sauƙi. Bangonsu rarrauna ne, yoyo suke yi. Ruwa da jini su taru su ɗaga tantanin, sai mutum ya ga bakin ƙofa ya karkace, layin rubutu ya lanƙwashe, turken lantarki ya yi ƙusumbi. Daga baya wani duhu ya zauna a tsakiyar duk abin da ya kalla. Babu zafi, babu ja, wanda ya dubi idon ba zai ga komai ba. In aka bar shi, cikin watanni wurin ya zama tabo, tabo kuwa ba a kankare shi.

Saboda haka aikin farko shi ne gani. Ana ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, a jira kamar minti ashirin zuwa talatin, likita ya leƙa da fitila da gilashi. Sannan a zaunar da mutum gaban na'urar da ake kira OCT, wadda masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka bayyana a 1991. Haske marar zafi take aikawa cikin ido, ta auna yadda yake dawowa daga kowane layi na tantanin, ta zana hoton tantanin kamar an yanka shi an duba ta gefe. A lafiyayyen ido, tsakiyar makula kan kai kusan rubu'in milimita, da ɗan kwari a cibiyarta. A idon da ke yoyo, kwarin ya cike, ga baƙaƙen aljihunan ruwa a ciki ko a ƙarƙashi. Gwani yana duban inda ruwan ya kwanta, ko cikin tantanin ne ko ƙasansa ko ƙasan layin ƙwayoyin nan masu duhu, domin kowanne da abin da yake nufi. Wani lokaci a ƙara da allurar rini mai ruwan ɗorawa a jijiyar hannu, a ɗauki hotuna yayin da rinin ke ratsa jijiyoyin ido, a ga takamaiman inda yake tsiyaya. Majinyaci zai ga fitsarinsa ya canza launi na yini guda, kuma ana gaya masa tun da wuri don kada ya firgita.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 20, abin da likita ke da shi a hannu wuta ce. Yakan ƙone jijiyar da hasken leza, tantanin da ke samanta ma ya ƙone tare da ita, a sadaukar da kaɗan don kada a rasa duka. A 2000 aka samu maganin Visudyne, wanda ake zubawa a jini a kunna shi da haske mai sanyi. Ya rage saurin lalacewa, amma da wuya ya dawo da abin da ya tafi.

Mafita ta fito ne daga ɓangaren masu binciken ciwon daji. A 1971 wani likitan tiyata a Boston, Judah Folkman, ya kawo ra'ayin cewa ƙari ba ya girma sai ya janyo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, don haka in aka toshe wannan kira za a iya kashe shi da yunwa. A 1989 Napoleone Ferrara, ɗan Italiya da ke aiki a kamfanin Genentech a Kalifoniya, ya ware sinadarin VEGF ya tantance shi. Daga nan aka ƙera furotin mai kama VEGF ya riƙe shi, kada ya isar da saƙonsa. Shi ne Avastin, wanda aka amince da shi a 2004 don ciwon dajin hanji. Kamfanin ya kuma ƙera wani ƙarami daga tushe guda, Lucentis, musamman don ido, bisa tunanin cewa babban ba zai ratsa tantanin gani ba. Gwajin Lucentis ya ba da abin da ba a taɓa gani ba: fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar wata-wata sun riƙe ganinsu, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma suka ƙara layi uku a allon gwajin ido. An amince da shi a 2006. Amma tun a 2005 wani likita a cibiyar ido ta Bascom Palmer da ke Miami, Philip Rosenfeld, ya ɗebi ɗigon Avastin ya zuba a idon wani majinyaci, ruwan kuma ya janye. A lokacin, allurar Lucentis guda tana kusan dala 2,000, ta Avastin kuwa kusan dala 50. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin gwada su kafaɗa da kafaɗa a kan mutum kimanin 1,200, sakamakon 2011 ya nuna aikinsu a kan gani kusan ɗaya ne. A wannan shekarar wani magani irinsu, Eylea, ya fito, Vabysmo ya biyo a 2022. A Denmak an lissafa cewa sababbin masu makancewa saboda wannan ciwo sun ragu da rabi tsakanin 2000 da 2010.

Mai tambaya zai ce, don me ba a yi shi na ɗigawa ko na haɗiya ba? Furotin ne mai girma. In aka ɗiga, hawaye ya wanke shi tun bai ratsa gaban ido ba. In aka haɗiye, ciki ya narkar da shi. In kuma aka zuba a jijiya, sai an ba da mai yawa, ya zaga jiki duka, ya taɓa hawan jini da sauran jijiyoyi. Hanya mafi kusa ita ce a ajiye shi a cikin ruwan nan mai yauƙi da ya cika bayan ido, wanda yawansa kusan mililita huɗu ne, ya narke a hankali ya sauka kan tantanin.

To, ga majinyaci ya shigo ɗakin allura. Kafin a taɓa kwalba sai an yi tambaya. Wane ido ne? A duba takarda, a tambaye shi da bakinsa, a sa alama a goshi ta wannan gefen. Ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya kwanan nan? In mace ce, tana da juna biyu? Sannan a duba gefen fatar ido. In akwai kwantsa ko kumburi ko ciwon ido, a ɗage allurar sai ya warke, komai nisan garin da ya fito. Babban abin tsoro a wannan aiki shi ne ƙwayar cuta ta bi allura ta shiga ciki. Cikin ido ba shi da dakarun kare kai irin na sauran jiki, ƙwayar cuta kuwa in ta samu wannan ruwan sai ta hayayyafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin ba ya kai sau ɗaya cikin allura dubu, kuma duk matakan da ke tafe an tsara su ne don ya ci gaba da zama haka.

A kishingiɗar da shi a kujera. A ɗiga maganin kashe zafi, a jira, a sake ɗigawa. Sai aidin, ruwan nan mai launin ƙasa-ƙasa, wanda aka sirka zuwa kashi 5 cikin 100 don cikin ido. A cikin duk abin da ake yi, aidin ne aka fi tabbatar da amfaninsa wajen hana cuta, kuma yana bukatar aƙalla daƙiƙa talatin kafin ya gama aikinsa. Mai gaggawa ba ya iya tsayawa daƙiƙa talatin yana kallon agogo alhali layi na jiransa a waje. Gwani yana tsayawa, ko da allurar ta hamsin ce a ranar. Akwai kuma ƙananan sirrika. In za a yi amfani da maganin kashe zafi mai kauri, sai aidin ya riga shi, don kaurin kan lulluɓe ƙwayoyin cuta ya kare su. Ana shafa aidin a gashin ido da gefen fata, amma ba a murzawa, domin a gefen fatar akwai ƙananan ƙofofin maiƙo, in aka matsa su sai su amayo abin da ke ciki a kan idon da aka tsabtace.

Sai ɗan ƙarfen da ke riƙe fatar ido a buɗe. Mutane sukan ɗauka don hana ƙiftawa ne kawai. Babban aikinsa shi ne kawar da gashin ido daga hanyar allura, saboda tsinin da ya gogi gashi guda ya tashi daga aiki, sai a canza wani.

Daga nan ɗakin kan yi tsit, kuma da dalili. An lura cewa ƙwayoyin cutar da ake samu a idon da ya kamu bayan wannan allura sau da yawa irin na baki da maƙogwaro ne, kuma suna cikin mafiya ɓarna. Daga numfashi da yawun masu magana suke sauka. Don haka likita da ma'aikaciyar jinya suna sa takunkumi, ko su kame baki, a kuma roƙi majinyaci ya yi shiru. Abin da za a faɗa an faɗe shi tun farko, saura 'yan kalmomi: "Baba, dubi sama, ta wajen hancinka. Yawwa. Tsaya nan." Idan ya dubi can, farin idon da ke ƙasa ta wajen kunne sai ya bayyana, kuma nan ne da yawa suka fi so. Ba a huda daidai saitin ƙarfe uku ko ƙarfe tara na agogo, domin ta nan wasu dogayen jijiyoyi ke wucewa. Wanda ya soke su zai jawo zafi da zubar jini.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. A nan ba a yarda da kimar ido. Akwai ɗan ma'auni mai baki biyu, ɗaya milimita uku da rabi, ɗaya milimita huɗu. A ɗora ƙafarsa guda a daidai inda baƙin ido ya haɗu da fari, ɗaya ƙafar ta bar ɗan gurbi a kan farin. Milimita huɗu ga wanda ke da madubinsa na haihuwa, uku da rabi ga wanda aka yi wa aikin yana aka sa masa na roba, saboda na roban ya fi siranta, ba ya cikin haɗarin tsini. Bambancin rabin milimita ne, amma sai an san tarihin idon kafin a zaɓa. A sake ɗiga aidin a kan gurbin, ya zama shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa wurin.

Allurar siririya ce, kaurinta kusan kashi uku cikin goma na milimita, tsawonta kusan milimita goma sha uku. A sirinjin akwai mililita 0.05, kwatankwacin ɗigo guda, an riga an fitar da iska an daidaita shi a kan layi. Likita yakan jingina gefen hannunsa a kuncin majinyaci ko goshinsa, ta yadda in kai ya motsa hannu zai bi shi. Da tsinken auduga wasu sukan ja siririyar fatar da ke rufe farin ido gefe kaɗan, don in ta koma mazauninta hudar waje da ta ciki kada su yi saiti. Sai tsinin ya shiga, yana fuskantar tsakiyar ƙwayar ido, ba gaba ba inda madubi yake. Kusan rabinsa ko fiye kaɗan ke nutsewa. A tura maganin a natse, a zare, auduga ta danne wurin nan take don kada ruwa ya biyo baya. Abin da majinyaci ke ji yawanci dannawa ce, wani ya ce ɗan tsikari. Wasu sukan ga maganin yana murɗawa cikin ganinsu.

Aiki bai ƙare ba. Ido rufaffen abu ne, ƙarin ɗigo guda yana ɗaga matsin cikinsa sosai na ɗan lokaci, wani sa'in har ya matse jijiyar da ke kai wa tantanin jini, gani ya dushe. Shi ya sa likita ke ɗaga hannu nan take: "Hajiya, yatsu nawa kike gani?" In ta ƙirga, jini na gudana. Matsin kan sauka da kansa cikin mintuna. In duhun ya ƙi yayewa, akwai dabarar zuƙe ɗan ruwa daga gaban ido don a sassauta. Sannan a wanke aidin tas da ruwan gishiri na asibiti, saboda raɗaɗin da mutane ke kuka da shi da yamma yawanci na aidin ne da aka bari, ba na allura ba. A da akan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na ɗigawa na kwanaki. Bincike ya nuna ba ya rage haɗarin, yana ma koya wa ƙwayoyin cuta juriya, sai likitoci da yawa suka daina.

Bayanin sallama ma sana'a ce. Jan tabo a farin ido ba komai, zai washe cikin mako ɗaya ko biyu. Baƙin ɗigo mai zagaye da ke yawo a ƙasan gani kumfar iska ce; a zahiri sama take tasowa, amma da yake hoto a kife yake sauka a tantanin, a ƙasa ake ganinta, kuma za ta ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a murza ido, kada ruwa marar tsabta ya shiga na 'yan kwanaki. Amma zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko gani ya riƙa dushewa, ko haske ya gagari kallo, wannan a dawo a ranar, ko da dare ne.

Akwai wani gwanin da majinyaci ba ya gani, shi ne mai haɗa magunguna. Avastin a kwalbar masu ciwon daji yake zuwa, mililita huɗu, abin da ido ke bukata kuwa miligiram 1.25 ne. Dole wani ya raba kwalbar zuwa ƙananan sirinji masu yawa, a cikin akwati mai tace iska, ya rufe kowanne, ya rubuta rana, ya ajiye a firji tsakanin digiri 2 da 8, ba daskarewa, ba zafi. Sakacin mutum guda a nan yana shafar duk wanda ya samu rabo daga kwalbar. Ya faru a yankin Miami a 2011, inda aƙalla mutum goma sha biyu suka kamu da cutar cikin ido daga sirinjin da aka raba, wasu suka rasa ganin idon. A ganina, wanda ke tsare firji a garin da wuta ke zuwa tana tafiya ya cancanci yabo daidai da mai riƙe allura.

Wannan batu ya shafe mu ta wata fuska. Lalacewar makula ta tsufa ta fi yawa a tsakanin Turawa, ko da yake akwai wani nau'inta mai kumburarrun jijiyoyi da ake gani a mutanen Asiya da baƙar fata. Amma allurar nan ce dai ake yi wa mai ciwon suga da makularsa ta kumbura, da wanda jijiyar tantaninsa ta toshe, wanda sau da yawa hawan jini ke jawowa, kuma waɗannan biyun ba baƙi ba ne a gidajenmu. Arahar Avastin ce ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi jerin muhimman magunguna don ido a 2013. Mai tallan maganin ido a tasha, wanda kwalbarsa guda ke warkar da yana da hawan jinin ido da dundumi, bai taɓa ganin makula ba, kuma ruwansa ba ya isa inda take.

Saura haƙuri, domin allura guda ba ta gamawa. Maganin ba ya kashe jijiyoyin, lafar da su yake yi, ya tsayar da yoyon. Ido kuma yana fitar da shi a hankali, kusan rabinsa cikin mako guda zuwa kwana goma, VEGF ya sake taruwa. Yawanci ana farawa da allura uku, wata-wata. Daga nan hoton OCT ke jan ragama: in makula ta bushe, a yi allura a ƙara mako biyu a kan tazarar, daga huɗu zuwa shida, zuwa takwas, har goma sha biyu ko goma sha shida; in ruwa ya dawo, a rage. Kowane ido da tazararsa, kuma sai an bi shi shekaru ana gwadawa kafin a san ta. Inda aka fi yin asara shi ne wajen wanda ya ga sauƙi bayan allura ta uku ya ce ya warke, ya dawo bayan shekara da tabo.

A kowace ziyara ana ɗaukar hoton idanu biyu, saboda wanda abin ya kama masa ido ɗaya yana cikin haɗarin ya kama ɗayan. A gida kuma akan ba shi wata takarda mai layukan murabba'i da ɗigo a tsakiya, wadda likitan ido ɗan Suwizalan Marc Amsler ya tsara. Ya sa tabaransa na karatu, ya riƙe ta a nisan da yake riƙe littafi, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kafa ɗayan a kan ɗigon, sannan ya sauya. Rufewar dole ce, domin lafiyayyen ido yana rufa wa marar lafiya asiri har tsawon watanni. Ranar da layi ya lanƙwashe ko wani murabba'i ya ɓace, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.